Mushe Ma Ɗalibi Ne

Duk ɗan kasuwar da ya san abin da yake yi, in ya rufe kanti da dare, ba ya kwanciya sai ya yi lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita. Malamin lakwal ma yana da nasa lissafin yamma: cikin yaran da suka zauna gabana yau, nawa ne suka koma gida da abin da ba su zo da shi ba?

Tambayar ba ta wasa ba ce. A shekarar 2014, binciken PASEC, wanda ya gwada ƴan firamare a ƙasashe 10 na Afirka masu aiki da Faransanci, ya nuna cewa a Nijar fiye da yara 9 cikin 10 na ajin ƙarshe ba su kai matakin karatun da ake bukata ba. A 2017 kuma, da gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi jarrabawa, kimanin ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki. Malamai da dama sun ɗauki abin a matsayin cin fuska, kuma suna da hujja: an ɗauki da yawansu aiki ba su taɓa taka makarantar horon malamai ba, albashi kan makara, ajin na zana ne, yara sun fi ƙarfin benci. Duk gaskiya ne. Sai dai yaron da ke bencin baya ba zai iya jiran ranar da za a gyara komai ba.

Abu na farko da ke hannun mushe shi ne ya daina yarda da amsar taro. In ya ce "kun gane?", aji duka zai amsa da murya ɗaya, alhali yara biyar na gaba ne ke jan sauran. Tsofaffin malamai sun san maganin wannan, wato dabarar La Martinière: a yi tambaya, kowane yaro ya rubuta amsa a ƙaramin allonsa, a buga tebur, a ɗaga alluna gaba ɗaya. Nan take malami zai ga wanda ya gane da wanda aka bari a baya, ba da kashe ko dala ba.

Na biyu, harshe. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 kuma ta ba harsunan ƙasa gurbi a cikin aji. Malamin da ya fayyace wa ɗan CI ma'anar ragi da Hausa kafin ya koma Faransanci bai zubar da girmansa ba, hanya ya taƙaita wa yaro.

Na uku shi ne mafi wuya, domin ya shafi zuciya. Taron CAPED, inda malaman makarantu maƙwabta ke haɗuwa ɗaya ya ba da darasi sauran su yi gyara, wasu na zuwansa kamar an kai su gaban alƙali. Alhali wanda ya iya cewa abokin aikinsa "rabawa mai saura tana ba ni wuya, nuna mini yadda kake yi" ya fi wanda ya shekara goma yana ɓoye rauninsa a bayan bulala. Matambayi ba ya ɓata, gemu kuma ba ya hana neman ilimi.

Ku kuma iyaye, ƴan kasuwa da ma'aikata, kada ku tsaya ga tambayar na nawa yaro ya zo. Ku buɗe kayensa, ku sa shi ya karanta muku layi biyu, sannan ku je ku gaida mushe tun kafin ranar da za ku je da ƙara.