FASHIN BAƘI: Baƙin allon da ke juya intanet, da haɗarin kuskuren layi ɗaya

Ranar 28 ga Fabrairu, 2017, ɗimbin shafukan intanet da manhajojin waya suka tsaya cik na kimanin awa huɗu. Da ƙura ta lafa, kamfanin Amazon ya bayyana abin da ya faru. Wani injiniyansa ne, yana cikin binciken nawar da tsarin lissafin kuɗin kwastomomi ke yi, ya rubuta umarnin da zai janye 'yan kwamfutoci kaɗan daga aiki a cibiyar kamfanin da ke arewacin jihar Virginia ta Amurka. Sai ya shigar da ɗaya daga cikin bayanan umarnin ba daidai ba, aka janye kwamfutoci fiye da yadda ya yi nufi. Rumbun ajiyar bayanai na S3, wanda kamfanoni da dama suka dogara da shi, ya durƙushe. Har shafin da Amazon ke sanar da matsaloli a kai ya kasa nuna gaskiyar halin da ake ciki, domin shi ma da wannan rumbu ya dogara.

Wurin da injiniyan ya yi wannan rubutu shi ake kira layin umarni. Yawancin masu amfani da waya ba su taɓa ganinsa ba, alhali ta nan ake tafiyar da galibin hidimomin da suke mu'amala da su kullum.

Mene ne layin umarni?

Allo ne, galibi baƙi, babu hoto babu maɓallin taɓawa. Mutum ya rubuta abin da yake so, ya danna maɓallin shigarwa, kwamfuta ta aiwatar. Salon da ake bi a yau ya samo asali ne daga tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a ɗakunan bincike na Bell a 1969, sannan Linux, wanda Linus Torvalds ya fitar a 1991, ya gaje shi.

Dalilai uku suka sa bai tsufa ba. Na farko, manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafuka, waɗanda ake kira sabobi, suna jibge ne a cibiyoyi masu nisa, ba su da allo, sai dai a aika musu da umarni ta kafa mai tsaro da ake kira SSH. Na biyu, rubutu ba ya cin data, don haka injiniya a Kano ko Maraɗi na iya sarrafa saba da ke Turai ko da netwok ɗinsa na rawa. Na uku, umarnin da aka rubuta ana iya adana shi, a sake gudanar da shi a kan kwamfuta dubu ba tare da sauyi ba. A nan ƙarfinsa yake, a nan kuma haɗarin yake.

Ƙunshin manhaja: gini da tubalin wasu

Kusan babu mai rubuta manhaja daga tushe. Kowa na ɗauko guntayen da wasu suka riga suka rubuta, waɗanda ake kira ƙunshi, ya yi gini a kansu. Akwai kayan aiki na musamman da ke ɗauko su: apt a tsarin Debian da Ubuntu, pip ga harshen Python, npm ga JavaScript. Idan mutum ya rubuta `apt install nginx`, kayan aikin zai nemo manhajar a rumbu, ya gano sauran ƙunshin da take buƙata, ya sauke su duka, ya girka.

Sauƙin na ɓoye wata gaskiya: ƙunshi ɗaya na iya jawo ɗaruruwan wasu, daga hannun mutanen da mai girkawa bai taɓa jin sunansu ba. A watan Maris na 2016, wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya janye ƙunshinsa sama da 250 daga rumbun npm bayan saɓani kan sunan ɗaya daga cikinsu. A ciki akwai left-pad, mai layi 11 kacal. Nan take manyan ayyuka irin su Babel suka kasa girkuwa, har sai da masu rumbun suka maido da shi, suka kuma tsaurara ƙa'idar janye ƙunshi.

Na Maris ɗin 2024 ya fi tayar da hankali. Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura shiga wata kwamfuta ta SSH na jinkiri da kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi diddigi, sai ya tarar an dasa ƙofar sirri a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1 na xz, ƙunshin matse fayil da ke cikin kusan kowane Linux. Wanda ya dasa ta ya shafe kimanin shekara biyu yana taimakawa a aikin har aka amince da shi. An gano ta kafin ta shiga manyan fitowar Linux da sabobi suka fi amfani da su.

Kwantena: daga tashar jirgin ruwa zuwa kwamfuta

Duk wanda ya ga tirela ta ɗauko kwantena daga Apapa zuwa Arewa ya riga ya fahimci dabarar. Tun da Malcom McLean ya ɗora kwantena 58 a jirgi a 1956, jirgi da tirela da na'urar ɗaga kaya suka daina damuwa da abin da ke ciki, matuƙar akwatin girmansa ɗaya ne. Docker, wanda Solomon Hykes ya gabatar a 2013, ya yaɗa wannan tunani a duniyar manhaja: a ƙunshe manhaja da duk abin da take buƙata a akwati guda, ta yi aiki iri ɗaya a kwamfutar mai rubuta ta da kuma a saba. Da yake kwantenoni da yawa na amfani da zuciyar Linux guda ɗaya, suna tashi cikin daƙiƙu.

Umarnin `docker run` na tayar da kwantena, `docker ps` na nuna waɗanda ke aiki. Idan suka kai ɗaruruwa, sai a miƙa su ga Kubernetes, wanda Google ya fitar a 2014, sunan da ke nufin matuƙin jirgin ruwa a harshen Girkanci. Ta hanyar kubectl, layi ɗaya na iya mayar da kwantena uku zuwa talatin a ranar da jama'a suka yi cincirindo, layi ɗaya kuma na iya share su baki ɗaya.

Gajimare: haya ce, da dala ake biya

Abin da ake kira gajimare kwamfutocin wasu ne da ake haya ta intanet. Amazon ya buɗe wannan kasuwa a 2006, Google da Microsoft suka biyo baya, kowanne da kayan umarninsa: aws, gcloud da az. Da su ƙaramin kamfani ke samun saba cikin mintuna ba tare da sayen ƙarfe ko janareta ba. Sai dai mita na gudu muddin sabar na kunne, ana amfani da ita ko ba a yi, kuma yawanci da dala ake lissafi. Ga mai samun kuɗinsa da naira ko sefa, saba ɗaya da aka manta a kunne tsawon wata asara ce mai ciwo.

Yadda ake rage haɗarin

Hausawa kan ce magana zarar bunu ce. Umarni ma haka yake, domin da yawa daga cikinsu ba su tambayar ko mutum ya tabbata, kuma abin da suka share ba ya faɗawa kwandon shara. Shi ya sa ƙwararru ke bin wasu ƙa'idoji.

Suna gwaji kafin aiwatarwa: ƙara `--dryrun` ga umarnin aws s3, ko `--dry-run` ga kubectl, na nuna abin da zai faru ba tare da taɓa komai ba. Suna ƙayyade lambar fitowar kowane ƙunshi, don kada sabon abu ya shigo ba da saninsu ba. Suna ba kowane ma'aikaci iznin da aikinsa ke buƙata kawai. Suna adana umarni a fayil, wani abokin aiki ya duba kafin a gudanar. Suna ajiye kwafin bayanai, suna kuma jarraba maido da shi lokaci zuwa lokaci. A gajimare kuwa, suna sa ƙararrawar da za ta sanar da su idan kuɗi ya haura iyaka.

Matakin da Amazon ya ce ya ɗauka bayan matsalar 2017 shi ne darasi mafi girma. Ya gyara kayan aikin kansa, ta yadda zai riƙa janye sabobi a hankali, ya kuma ƙi bin duk umarnin da zai rage su ƙasa da adadin da tsarin ke buƙata don ya tsaya. Ɗan Adam ajizi ne, yatsa kuma zai zame wata rana. Tambayar da ta dace kowane banki, jami'a ko ma'aikata ta yi wa masu kula da sabobinta ita ce: idan hakan ta faru yau da dare, me zai tare umarnin, kuma awa nawa za a ɗauka kafin komai ya dawo?