Daga kalangun mahauta zuwa rawar bale: Ina babba zai koyi rawa a Legas?

Kafin gari ya waye, mayankar Oko-Oba da ke yankin Agege ta riga ta cika da jama'a. Mahauta da dillalan shanu da masu dakon nama, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne, suna shafe yini a tsaye ko a sunkuye. A unguwannin da ke kewaye kuma akwai 'yan canji da masu shaguna da matan aure da kan wuni a zaune. Aikin ya bambanta, amma idan shekaru suka fara ja, koke-koken sukan zama iri ɗaya: ciwon baya, ciwon gwiwa, hawan jini da ciwon suga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Rawa na cikin hanyoyin cika wannan adadi, domin tana aiki da zuciya da gaɓoɓi, tana kuma koya wa jiki daidaito. Matsalar ita ce, mutumin da ya haura shekara 30 a Agege, idan ya yanke shawarar koyon rawa a aji, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa?

Rawa ba baƙuwa ba ce a wannan unguwa. Hausawa sun zauna a Agege tun zamanin da cinikin goro da layin dogo suka haɗa Legas da Kano, kuma sun zo da makaɗansu. A al'adar Bahaushe, kalangu kiɗan mahauta ne, kuma dambe ma a cikin mahauta ya yi ƙarfi. Sai dai ita wannan rawa ba a aji ake koyonta ba. Yaro yana tasowa ya ga ana takawa a gidan biki ko a dandali, ya kwaikwaya har ƙafarsa ta faɗa. Hatta rawar koroso, wadda aka tsara wa 'yan kallo a Kano, kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar ta riƙe ta, a cikin ƙungiya ake horar da masu yin ta, ba a makarantar da kowa zai biya kuɗi ya shiga ba.

Akwai kuma batun kunya. A wurin mutane da dama, magidanci ko matar aure da ke taka rawa a bainar jama'a sun zubar da girma, kuma malamai sun daɗe suna gargaɗi kan cakuɗuwar maza da mata a wuraren kiɗa. Saboda haka duk mai neman aji daga cikin wannan al'umma yana ɗauke da tambayoyi biyu: ko jikinsa zai iya, da kuma ko wurin zai kiyaye masa mutunci.

Rawar bale, wadda ake yi da miƙe jiki da tsayuwa kan yatsun ƙafa, ta samo asali ne daga fadojin Italiya, ta bunƙasa a Faransa, inda Sarki Louis na 14 ya kafa makarantar rawa ta masarauta a 1661. 'Yan Najeriya da yawa sun fara lura da ita ne a watan Yunin 2020, lokacin da bidiyon Anthony Madu, ɗan shekara 11, ya bazu a intanet yana juyi babu takalmi a cikin ruwan sama. Ɗalibi ne na makarantar Leap of Dance da ke Ajangbadi a Legas, wadda Daniel Ajala ya kafa a 2017 yana koyar da yara kyauta. Daga bisani yaron ya samu gurbin karatu a makarantar Elmhurst da ke Birmingham a Ingila, kuma a 2024 kamfanin Disney ya fitar da fim kan rayuwarsa.

Labarin ya ƙarfafa wa iyaye gwiwa, amma ya ƙara kafa tunanin cewa bale ta yara ce. Akwai gaskiya a ciki. Wanda zai mayar da ita sana'a dole ya fara da ƙuruciya, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma abin da ya kamata a lura da shi a labarin shi ne malamin: Ajala bai taso a makarantar bale ba, da kallon bidiyo a YouTube ya koya wa kansa. A Landan ma, cibiyar Royal Academy of Dance, wadda aka kafa a 1920, tana da shiri na musamman mai suna Silver Swans domin 'yan shekara 55 zuwa sama. Gemu dai ba ya hana ilimi.

A Legas akwai cibiyoyin da mai nema zai fara tambaya. Ƙungiyar SPAN, wadda Sarah Boulos ta kafa a 2005, ta shahara wajen horar da matasa a rawa da kiɗa da wasan kwaikwayo. Cibiyar QDance, da Qudus Onikeku ya buɗe a 2014, ta fi karkata ga rawar zamani da ke da tushe a al'adun Afirka. Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Iganmu, wanda ya karɓi bikin FESTAC a 1977, ya daɗe yana zama matattarar ƙungiyoyin rawar gargajiya. Babu ɗaya daga cikinsu da ke Agege, kuma a Legas nisa kuɗi ne, lokaci ne kuma. Jirgin ƙasa na jan layi, da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Yaba, abin da ya rage wahalar cunkoso ga mai son zuwa aji bayan tashi daga aiki.

Kafin a biya ko sisi, tambaya ta farko ita ce ko ajin na manya ne masu farawa daga tushe. Saka mai shekara 40 a cikin yara 'yan firamare, ko cikin waɗanda suka yi shekaru suna horo, shi ne hanya mafi sauri ta sa ya gudu. Ta biyu ita ce horon malamin, da yadda yake sauƙaƙa motsi ga mai ciwon gwiwa ko mai jiki. Ta uku, a duba daɓen ɗakin. Tsalle a kan siminti ko tayil yana cin gwiwa da idon sawu, shi ya sa makarantun kirki ke shimfiɗa katako mai ɗan laushi.

Darasin bale na farko ba shi da tsalle mai yawa. Ana farawa ne a jikin wata sanda da aka kafa a bango, ana lanƙwasa gwiwa da miƙe ƙafa a hankali. Juya ƙafafu waje daga ƙugu yake fitowa, kuma tilasta shi daga gwiwa yana jawo rauni. Takalmin tsayuwa kan yatsu kuwa sai bayan shekaru na horo, da izinin malami, kuma manya da dama sukan ji daɗin darasin ba tare da sun taɓa sa shi ba. Mai hawan jini ko ciwon zuciya, da mai juna biyu, su fara ganin likita.

Batun sutura da cakuɗuwa ma abin tattaunawa ne tun ranar farko. Malami yana buƙatar ganin yadda gwiwa da baya suke tsayuwa, amma dogon wando da riga mai hannu da ɗankwali da aka ɗaure tam ba sa hana hakan. Mace na da damar tambayar ko akwai ajin mata zalla da malama mace, ta kuma sharɗanta kada a ɗauke ta bidiyo a sa a Instagram ko TikTok. Wurin da ya ƙi amsa waɗannan tambayoyi a fili bai cancanci kuɗinta ba.

Inda babu aji a kusa, akwai dabarar da matan zango suka riga suka ƙware a kai, wato adashi. Mata 10 ko 15 za su iya haɗa kuɗi su ɗauko malama sau biyu a mako zuwa wani falo ko ɗakin taro da ke rufe. Ba lallai ne ta zama bale ba. Rawar gargajiya da aka tsara ta mataki-mataki, da ɗumama jiki a farko da miƙe gaɓoɓi a ƙarshe, tana biyan buƙatar lafiya, kuma makaɗan da za su raka ta suna nan a unguwa. Sa'a ɗaya sau biyu a mako minti 120 ke nan. Tafiyar rabin sa'a a ƙafa za ta cika sauran.