Ƙofofin Kalsiyam da Cututtukan Jijiya da Tsoka

Yawancin ɗalibai sun san kalsiyam a matsayin sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da haƙora. To, amma aikinsa bai tsaya nan ba. Tun a shekarar 1883 wani masani ɗan Ingila, Sydney Ringer, ya nuna cewa zuciyar kwaɗo takan daina bugawa idan babu kalsiyam a ruwan da aka tsoma ta.

Kowace ƙwayar halitta ta jijiya ko tsoka tana lulluɓe da tantani mai ƙananan ƙofofi. Kalsiyam ɗin da ke waje ya ninka na ciki kimanin sau 10,000. Da zarar saƙon lantarki ya iso, sai ƙofofin su buɗe, kalsiyam ya kwarara, jijiya ta miƙa saƙo ga ta gaba. A tsoka kuwa, ƙofar tantani ce ke buɗe wata ƙofa ta rumbun kalsiyam da ke can ciki, sannan tsokar ta tsuke.

Ƙwayoyin gado ne ke tsara ginin waɗannan ƙofofi, don haka kuskure ɗaya tak a cikinsu kan haifar da larura. A 1994 aka gano cewa aibi a ƙwayar gadon CACNA1S na jawo shanyewar jiki mai zuwa ta tafi. Matashi zai kwanta lafiya lau bayan wasan ƙwallo ko cin tuwo mai yawa, ya wayi gari ya kasa ɗaga hannu ko ƙafa, alhali hankalinsa garau. Dalili shi ne ƙofar tana yoyo, sinadarin fotasiyam ya ragu a jini, tsoka ta daina amsa kiran jijiya. Bayan 'yan sa'o'i ko kwanaki sai ya miƙe. A 1996 kuma aka danganta CACNA1A da wani ciwon ɓarin kai mai kashe rabin jiki na ɗan lokaci, da kuma tafiyar tangaɗi.

Kowane ɗa na mai wannan aibi yana da rabin yiwuwar gadonsa. Saboda haka, malamin da ya ga ɗalibi cikin wannan hali kada ya ɗauka lalaci ne ko shafar aljanu. A kai shi asibiti a auna jininsa tun ciwon bai sake shi ba, domin likita na iya shawo kansa da maganin fotasiyam.