Samar da Wutar Lantarki Daga Igiyar Ruwan Teku

Iska ce ke tayar da igiyar ruwa a teku, saboda haka ƙarfin da ke cikinta ba ya ƙarewa kamar yadda fetur da kwal ke ƙarewa. Tashar garin Mutriku ta ƙasar Sifen, wadda aka buɗe a shekarar 2011, kyakkyawan misali ce na cin moriyar wannan ƙarfi.

A jikin katangar da ke kare tashar jiragen ruwan garin aka gina ɗakuna 16 waɗanda bakinsu ke ƙarƙashin ruwa. Idan igiya ta shigo, sai ruwa ya taso ya ingiza iskar ɗakin sama, tamkar zugazugin maƙeri. Idan ta janye, sai iskar ta dawo. Farfelar da ke saman ɗakin kuwa, ko ta ina iska ta biyo, gefe guda take juyawa, ita ce ke juya janareta. Wutar tashar duka kilowat 296 ce.

Sai dai teku ba ta da sabo. Gishiri yana cin ƙarfe, guguwa tana lalata na'urori, gyara kuma yana cin kuɗi. Tashar Aguçadoura da Fotugal ta buɗe a 2008 'yan watanni kawai ta yi ta tsaya.