Kafin Ka Sayi Keken Ɗinkin Fata, Tambayi Inda Ake Samun Ƙoshiyarsa

Daga wakilinmu a Kano

Kwanan baya na tarar da wani saurayi zaune a rumfar wani mai gyaran kekunan ɗinki kusa da Ƙofar Wambai, ya ajiye kan keke a cikin buhu a gabansa, ya yi tagumi. Daga Agege ya ɗauko shi. Da ma acaba yake yi a Ikko, da Gwamnatin Jihar ta hana acaba a wasu ƙananan hukumomi cikin 2022 sai ya sayar da babur ɗinsa ya koma sana'ar gidansu, watau dukanci. Ya sayi keke na hannu, irin wanda Yarbawa ke kira tokumbo, bai yi wata biyu ba ƙoshiya ta tsage. Ya zaga Mushin bai sami irinta ba, ya zo Kano, nan ma babu.

Saboda irin wannan asara na ga ya kamata in yi wa 'yan'uwanmu mazauna Kudu bayani, musamman masu yawo da akwatin gyaran takalma waɗanda ke tara taro da sisi don wata rana su kafa rumfa.

Da farko dai, ba kowane keke mai moto ne keken fata ba. Dillali zai nuna maka babban keken tela, ya sa ƙyallen fata mai laushi ya ɗinka a gabanka, alhali kuwa haƙoran ƙasa kaɗai ke jan ɗinki a irin wannan keke. Da ka haɗa masa kirgi ninki biyu sai na sama ya zame, ɗinki ya tattare, allura ta karye. Keken fata na jaka da ɗamara shi ne wanda ƙafarsa ke tafiya, watau allura da ƙafa da haƙori duk tare suke jan fatar. Irinsu su ne Singer 111W155 da Juki LU-563, sai kuma Pfaff 335 mai zagayayyen hannu wanda ake zura bakin jaka a ciki.

Amma mai gyaran takalma, keken da ya fi yi masa amfani shi ne Singer 29K, mai siririn dogon hannu da ke shiga har can cikin takalmi. Ƙafarsa tana juyawa kowace fuska, saboda haka ba sai ka juya takalmin ba, kuma ba ruwansa da lantarki, da hannu ko da ƙafa ake tuƙa shi. Wanda ya san halin wutar Ikko ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai kwarkwaronsa ƙarami ne, zare ba ya jimawa, sa'an nan ba ya cin fatar da ta wuce kaurin kwatan inci. Wanda ya tilasta masa ɗinkin tafin takalmi, to, ya kama hanyar kashe shi ke nan. Wannan aikin basilla ne, ko kuwa manyan kekuna irin Singer 45K.

To, ga inda gizo ke saƙar. Harafin K ɗin nan alama ce ta ma'aikatar Singer da ke Clydebank a ƙasar Sikotilan, an kuwa rufe ta tun 1980. Ashe duk 29K ɗin Sikotilan da ka gani a kasuwa ya haura shekara 40, komai ƙyallin fentinsa. Abin da ke riƙe da waɗannan kekuna har yau shi ne masana'antun Sin da Taiwan da suka kwaikwayi samfurin, suna kuma ƙera kayan gyaransa. Galibin kayan nan na 29K71 ne da 29K72 da 29K73. Tsohon samfurin nan 29-4 kuwa, ko da an ba ka da araha, kayan cikin hannunsa ba su yi daidai da na baya-bayan nan ba, samunsu sai an sha wuya. Haka kuma Adler 30 na Jamus keke ne mai ƙarko ƙwarai, amma kayansa sun fi tsada, tun ba ma yadda Naira ta faɗi daga 2023 ba. A nawa ganin, gwamma keken Sin wanda za ka sami ƙoshiyarsa a Mushin ko a Ariaria ta Aba da keken Turai wanda za ka yi wata uku kana jiran saƙo.

In ka je saye, tafi da fatarka da zarenka, kada ka yarda da ƙyallen mai kaya. Buɗe tsawon ɗinki har ƙarshe ka ɗinka, sa'an nan ka ƙirga. Lafiyayyen 29K yana ba da ɗinki 5 a inci ɗaya kan fata marar kauri. In ka ga 8 ko fiye, ƙarfen da ke motsa ƙafar ya cinye. Bayan haka buɗe murfin ƙoshiya, ka riƙe kan keke, ka taɓa mazaunin ƙoshiyar da yatsa. In yana wasa da yawa, haƙoran da ke cikin hannun sun sude, shi ne za ka ga keke yana tsallake ɗinki. Duba jikin ƙarfen kuma da kyau, domin fenti sabo yakan rufe tsaga da walda. Lambar samfurin tana jikin ƙaramin allon tagulla. Rubuta ta a takarda, ka zaga shagunan kayan gyara ka tambaya tun kuɗinka na aljihu.

Batun allura ma yana da muhimmanci, don da yawa daga kekunan da ake kai wa masu gyara lafiyarsu lau, allura ce ba tasu ba. Kowane keke da tsawon tasa: 29K na cin 29x3, ta fata kuwa 29x4, Juki LU-563 da Singer 111W155 na cin 135x17, ta fata 135x16, Pfaff 335 kuwa 134-35. Allurar fata bakinta kamar wuƙa yake, yanka take yi, ta tufafi kuwa tsini ne da ita. In ka sa wadda tsawonta bai yi daidai ba, ko dai ƙoshiya ta kasa kama zare, ko kuwa allurar ta riƙa dukanta har ta yi mata tabo. Mai gyaran ya duba ya ce abin da ya ci ƙoshiyar saurayin Agege ke nan.

Masu kekunan lantarki kuma, tsohon moto mai kulocin nan gudu ne da shi kamar an kori ɓarawo, kuma muddin an kunna shi yana shan wuta ko ana ɗinki ko ba a yi. Sabon moton da ake kira sabo yana tafiya a hankali yadda ka taka, ƙaramin janareta ma yana ɗaukarsa. Fata ba ta yafe kuskure, ramin da allura ta huda ya hudu ke nan, saboda haka sannu ta fi gudu amfani. A riƙa ɗiga farin man keke kullum da safe, ban da baƙin man mota.

Shi dai saurayin ya bar kan keken a wurin mai gyara, ko Allah zai sa a sami wani mataccen irinsa a cire masa ƙoshiya. Ya ce zai koma Agege ranar Asabar ya ci gaba da basilla kafin nan.