Gyaran kifi: daga kasuwa zuwa tukunya

Manoma da masu garka na Gesheme, Tibiri da Dogon Dutsi, maza da mata. Yau maganarmu bisa kifi ce. Kifi abinci ne mai gina jiki, ga yara, ga mai ciki, ga mai goyo. Amma cikin dukan cefane babu abin da ya kai shi saurin lalacewa, kuma ɓataccen kifi shina iya kwantar da gida guda ana tsakiyar aiki. Abokan gabansa biyu ne: zafi da jinkiri.

Wane kifi ke zo muna?

Akwai ɗanyen kifi na kogin Kwara wajen Gaya da na tabkunan Dallol Mauri: tarwaɗa, karfasa, giwan ruwa. Akwai kifin banda. Akwai kuma kifin ƙanƙara na cikin kwali, wanda anka kamo cikin teku, ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin shi iso gare mu.

A manyan kantunan birni ana saida tsokar wani kifi mai suna salmon, yankakkiya, babu ƙashi. Tsokarsa ja-ja ce, mai kitse. Tun wajen 1970 mutanen ƙasar Norwe sunka fara kiwonsa cikin keji a teku, yau su ne kan gaba a duniya. Ba shi zuwa kasuwarmu, amma yadda ake gyara tsokarsa haka za mu gyara ta giwan ruwa ko ta babbar karfasa.

1. Wurin saye

Ku duba ido: na sabon kifi garau shike, bai faɗa ciki ba. Ku ɗaga murfin kunne, inda kifi ke numfashi: a ga wurin ja, ba ruwan toka ba. Ku danna tsoka da yatsa: in gurbin yatsa ya tsaya, kifin ya kwana. Ƙarni kaɗan halin kifi ne, amma ɗoyi ko tsami, a bar ma mai shi abinsa.

Kifin ƙanƙara kuwa a same shi da tauri kamar icce. In ya yi laushi, ko jini ya daskare cikin kwali, ya taɓa narkewa anka sake daskarar da shi.

Kifi shi zama cefanen ƙarshe, in za a koma gida. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 5 da 60. A watan Afirilu da Mayu zafinmu na wuce digiri 40. Lokacin nan kada ɗanyen kifi shi wuce awa 1 babu ƙanƙara.

2. Narkar da kifin ƙanƙara

Kada a shanya shi rana, kada a zuba mashi ruwan zafi: baya shi ruɓe, ciki na daskare. A ɗaure shi cikin leda, a nutsa cikin ruwan randa mai sanyi, ana sake ruwan kowane minti 30. Rabin kilo na narkewa cikin awa guda. Da ya narke sai tukunya. Ba a maida shi firigo don shi sake daskarewa.

Ga dalili. Kifin teku mai duhun tsoka, kamar wanda 'yan Najeriya ke ce ma taitus, in ya daɗe cikin zafi wani dafi na taruwa cikin tsokarsa, sunansa histamin. Wuta ba ta kashe wanga dafi, ko suya ko banda. Wanda ya ci, cikin mintoci ko awa guda sai fuska ta yi ja, jiki na ƙaiƙayi, kai na ciwo, wani har amai da zawo. In kunka ji kifi na yaji a baki alhali ba a sa tonka ba, ku daina ci. In numfashi ya yi wuya, a tafi gidan likita nan da nan.

3. Feɗewa

A wanke hannu da sabulu. A kankare ɓawo daga wutsiya zuwa kai. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, yauƙi gare ta: a cuɗe ta da toka ko lemun tsami, a ɗauraye. A tsaga ciki sannu, kada matsarmama ta fashe, don ɗacinta na ɓata tsoka. A fidda hanji, a goge baƙin jinin da ke maƙale da ƙashin baya, a wanke da ruwan da za ku iya sha.

4. Fidda tsoka maras ƙaya

Wagga ita ce hanyar da ta fi ga yara da tsofaffi. A kwantar da kifi bisa katako mai tsabta. A yanka bayan kai har wuƙa ta taɓa ƙashin baya. Sa'an nan a kwantar da wuƙa, a bi bisa ƙashin har wutsiya. A juya, a yi ma ɗaya gefen haka nan. A bi tsokar da yatsa daga wajen kai: duk ƙayar da anka ji, a zare ta da matsefata wadda anka tafasa. Kada a cire fata, ita ke riƙe tsoka cikin kasko. Kai da ƙashi a yi romo da su, a tace.

5. Dahuwa

A tsane tsokar da ƙyalle mai tsabta, don jiƙaƙƙen kifi shina kama kasko, mai kuma shi yi ta tartsatsi. A sa gishiri, tafarnuwa, citta da lemun tsami, a bari minti 15. In ya daɗe cikin lemu tsoka na ragargajewa. Man gyaɗa shi yi zafi, a fara sa gefen fata, kada a juya sai ya saki kasko da kansa. Tsoka mai kaurin santimita 2 da rabi, wato faɗin babban yatsa, tana son wajen minti 10 gaba ɗaya. Ta dahu in tsakiyarta ta bar sheƙi, tana ɓarewa sala-sala.

6. Bayan aiki

Wuƙa da katakon da sunka taɓa ɗanyen kifi a wanke su da sabulu kafin a yanka tumatir ko salati. Hanji da ɓawo a binne su da zurfi cikin ramin taki: ƙuda ba su samu ba, garka ta samu. Kuma kada kowa shi sa maganin ƙwari na gona ko na rumbu ga kifin banda don tsoron tsutsa. Guba ce, wanki ba shi fidda ta duka. A sake kyafe shi, a aje wuri busasshe.

Wanda ya karanta wagga takarda shi karanta ma maƙwabcinsa, musamman uwargida, don wuƙa da kasko na hannunta. Allah shi ba mu lafiya da damana mai albarka.

Malamin gona