Zaƙin da Ba a San Ma'auninsa Ba

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Tarauni ko bakin titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi a Kano lokacin zafi zai ga kuloli jere, cike da zoɓo da kunun aya da lamurje a robobi. Ga sanyi, ga arha. Abin da ido ba ya gani shi ne abin da aka zuba har ya yi wannan zaƙin.

Tun da suga ya yi tsada, wasu masu sana'ar, ba duka ba, suka koma ga garin sinadarin zaƙi irin su sakarin. Ya ninka suga zaƙi kusan sau 300, don haka ɗan kaɗan ya ishi bokiti guda. Harshe na gane shi: zaƙi ne mai kaifi, sai kuma wani ɗaci-ɗaci ya maƙale a maƙogwaro. Doka ba ta hana shi ba, kamfanoni ma na sa shi bisa awo. Inda gizo ke saƙar shi ne garin da ake ƙullawa a leda, ba suna, ba ranar lalacewa, mai haɗawa kuma da ido take aunawa.

Kanawa sun san ƙarshen irin wannan ƙullin. A watan Maris na 2021 mutane suka riƙa amai da fitsarin jini bayan shan lemon da aka haɗa da garin ɗantsami. Ma'aikatar lafiya ta jihar ta ce mutum 10 sun rasu, ɗaruruwa sun kwanta asibiti, wasu ƙodarsu ta taɓu. Binciken NAFDAC ya gano cewa wani sinadarin masana'antu aka sayar a matsayin ɗantsami. Ba sinadarin zaƙi ba ne, gaskiya, amma ta ƙofa ɗaya suke shiga gidajenmu.

Kada kuma mai shan na kamfani ya ce ya tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da babba ke sha a rana ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, rabin haka ma ya fi. Robar lemo ɗaya na iya cinye wannan kason, tun ba a lissafa shayin safe ba. Sannu a hankali sai ƙiba, ruɓewar haƙori da ciwon suga. Wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda a Asibitin Malam Aminu Kano, nan kusa da mu, ya san inda ciwon suga da hawan jini ke kai mutum. Harajin naira 10 kan kowace litar lemon kamfani da gwamnatin tarayya ta fara karɓa a 2022 kuwa, ban ga wanda ya hana sha ba.

Mai tambarin "babu suga" fa? A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da sinadaran zaƙi don rage ƙiba. Harshe dai zaƙin yake ci gaba da sabawa da shi.

Iyaye mata, zoɓon da yara za su tafi da shi makaranta a dafa shi a gida, a riƙa rage sugan kaɗan-kaɗan, citta da kanumfari su cike gurbin. In saye za a yi, a tambayi mai sana'ar: "Baba, da me aka zaƙaƙa shi?" Na kamfani kuma a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin a buɗe.